Inda Na Aje Kan Sarkin Malam

Malam ya rasu cikin bazara, shekarar da sanƙarau ya shiga Isa. Ya dawo daga ofishin hakimi yana cewa wuyansa ya ƙage, kafin Juma'a ta zagayo an kai shi makwancinsa. Shi ne malamin da ke buɗe jakar wasiƙu a ofishin, ya karanta wa hakimi waɗanda anka rubuto da boko, ya rubuta amsa. Ni 'yar Sabon Birni ce, aure ya kawo ni Isa. Ba mu daɗe tare ba, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Gidan daga ni sai mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, sai ƙanensa da ke ɗinki a kasuwa.

Ban yi kuka ba. Mata sunka cika tsakar gida suna satar kallona, suna jiran in fasa, ban fasa ba. Wasu sunka ce yarinyar nan akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, kukan ne bai zo ba. In an ce in ci, in ci. In an ce in tashi in yi alwala, in tashi. Muryar mutane nake ji kamar daga bayan katanga.

Da anka zo rabon kayansa, riguna da rawani da keke da littattafai duk sun sami masu su. Abin da ya rage bisa tabarma shi ne gwangwanaye: ƙananan na sigari da yake roƙa wurin kukun Bature in sun zo rangadi, shi da bai taɓa shan taba ba, sai wani babba na biskit. Limamin unguwa, wanda ke yin rabon, ya buɗe ɗaya. Kan sarki ne cike, waɗanda anka riga anka buga wa hatimi. Ya tona da yatsa, ya mayar da murfi.

"Wanga ba shi shiga rabo," in ji shi. "An riga an yi aiki da su. Ko wasiƙa guda ba su kaiwa."

Inna ta turo min su. "Aje su ɗakinki," ta ce. Na kai su lungun bayan gado na aje, na shiga takaba.

Tun da na zo gidan na ishe Malam da wannan al'ada. Ranar Juma'a in ya dawo daga masallaci, sai ya zauna bakin ƙofa da tarin ambulan da ya tara cikin mako. Wasu na ofis ne. Wasu ya roƙo wurin fataken goro masu 'yan'uwa a Gwanja, wasu wurin iyalan alhazan da sunka tafi a ƙasa ta Sudan, wasu kuma 'yan kasuwar Burkusuma, can bakin iyaka, ke kawo masa daga ƙasar Faransi, Maraɗi da Madawa. Ya yanke kusurwar ambulan, ya jiƙa cikin tasata, in sun saki ya tsamo su da tsinken tsintsiya, ya kife su bisa faifaina su sha iska. Nakan yi mita, don faifai biyu ya ɓata min da jan launi. Shi kuwa ya yi dariya, yana zuba su cikin gwangwani yana cewa, "Nan ba mazauninsu ba na. Za ni samo musu wuri." Haka yake faɗa kullum, har ya tafi bai samo ba.

Ruwan farko da ya sauka da ƙarfi, rufin ɗakina ya yi yoyo daidai wannan lungun. Ban kula ba sai da wani wari ya fara tashi, irin na tsumman da anka bari cikin tulu. Na jawo gwangwanayen. Murfin babban sai da na sa wuƙa. Tsatsa ta ci gindinsa, kan sarkin sun sha laima sun manne da juna, sun zama curi-curi kamar daddawa. Na zauna ina kallonsu. Ban ji baƙin ciki ba. Abin da ya zo min kawai shi ne, ga aiki, kamar yadda mace ke ganin tsabar da ba a sheƙe ba. Na ɗauko tasa na zuba ruwa.

Yadda na ga yana yi haka na yi. Curin ya jiƙa, ya fara saki ɗaya bayan ɗaya, ina tsamowa da tsinke. Faifai ya cika, na shimfiɗa zane a ƙasa, shi ma ya cika, na koma bisa gado. Ranar ce na fara duba su da kyau. Mafi yawansu fuskar mutum guda ce, Sarkin Ingila, ya juya kai gefe, ga shi ja, ga shi kore, ga shi shuɗi, ga shi ruwan ƙasa. 'Yan kaɗan na ɗauke da fuskar wata yarinyar mace, sabuwar sarauniya, amma su ma kan sarki ake ce musu. Akwai mai raƙumi da mahayinsa a guje. Na ƙasar Faransi sun fi girma, ga mutane bakin rijiya, ga jirgin ruwa, ga mace da kaya a ka. Akwai kuma waɗanda babu hoton kowa, sai rubutun Larabci da ya nannaɗe kansa.

Inna ta shigo da furata ta tsaya bakin ƙofa, babu wurin sa ƙafa. Ta duƙa ta ɗauki ɗaya, ta kai shi kusa da idonta.

"Wanga rubutun Larabci na. Ƙasa kinka aje shi?"

Na ce ban lura ba. Ta aje furar, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta bi su ɗaya ɗaya tana tsince duk mai Larabci, na Makka da na Sudan, ta ɗora su bisa matashin kai.

"Waɗanga bisa za su zamna, kada ki ɗora musu komi," ta ce. Sannan ta ɗaga gwangwanin ta leƙa gindinsa, haske na shigowa ta hudar tsatsa. "To, yanzu ina za ki zuba su? Wanga kam ya mutu."

Daga nan biɗar wuri ta fara. Ni ba na fita, ina takaba, don haka ƙanen Malam ya zama ƙafata. Da can shi ne abokin wasana a gidan. Ba ya shigowa sai ya ce, "Ina matata? A kawo min tuwona." Tun ranar da anka yi jana'iza bai sake faɗin haka ba. Ya koma tsayawa daga waje yana sallama, yana ce min matar Yaya. Na gaya masa abin da nake biɗa, wani abu da laima ba ta shiga, ƙwaro ba ya ci. Ya ce to.

Ranar kasuwa ya kawo kwalbar alawa, babba mai murfi, ya samo wurin mai kanti. Na wanke ta na shanya, na zuba tafi guda na kan sarkin don gwaji. Tana da kyau, ana ganinsu ta ko'ina. Amma da hantsi ya shigo ta ƙofa ya doke ta, sai ta yi gumi daga ciki, takardun sunka nannaɗe kamar busasshen ganyen rama. Na juye su. Inna ta zuba gishiri a kwalbar.

Kasuwa ta gaba ya zo da jakar fata daga wurin dukawa, ja, an yi mata ado da baƙi, tana ƙamshin bagaruwa da mai. Ya ce baduku ya rantse ruwa ba ya ratsa ta. Na ɗauki ɗaya daga cikin jajayen nan masu yawa na sa a ciki. Da na ciro shi bayan kwana biyu, man fatar ya shiga jikinsa, ya zama kamar takardar da anka ƙunshe ƙosai. Na nuna masa. Ya juya shi a tafinsa, ya tafi da jakar.

Adudun kayana kuwa ban ma gwada ba. Na san kyankyasai na kwana a ciki, kuma Malam ya taɓa ce min ƙaron da ke bayan kan sarki shi ne abincinsu. Gara kuma a damina ba ta barin abin da ya taɓa ƙasa. Don haka na zuba su cikin sabuwar ƙwarya, masu Larabci a sama cikin ƙyalle, na rufe da faifai na ɗora bisa ragaya. Kullum da safe in sauke in duba, in mayar. Ba don ina ƙaunarsu ba. A cikin yini duka, wannan ne kawai abin da ba sai an ce in yi ba.

Wata rana ƙanen Malam ya zo da sauri, fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce ya je ofishin hakimi kai ɗinki, ya ga hoton da ke rataye cikin gilashi da katako kewaye. Ya yi magana da kafintan En'e, hukumar gargajiya, yana da ragowar gilashin taga, zai iya yi mana irinsa.

"A jera su ciki a rataya, matar Yaya. Duk wanda ya shigo gidan ga shi ga aikin Yaya."

Ya kawo gilashin don in gwada, an naɗe shi da buhu. Na shimfiɗa farin ƙyalle daidai girmansa na fara jerawa. Jere dai na iya shi, tun ina amarya ni na jera tasoshina da kwanukana da hannuna, ban bari ƙawaye sun yi min ba. Haka na bi da su: manya a tsakiya, jajaye su kewaye, koraye a gefe, masu Larabci layin sama. In na sa wannan ya ƙi zama, in cire in sa wani. Ban san rana ta yi nisa ba sai da Inna ta leƙo tana cewa an yi la'asar.

Ta tsaya ta dubi jeren. Ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. "Amma ɗiyata, kawunan mutane za ki rataya ɗakin da kike salla?"

Ta aika aka tambayi liman. Amsar da ya aiko ita ce, in suna rufe cikin wani abu babu laifi, amma a rataya hoton mai rai a bango, ko na raƙumi ne, bai ga dacewarsa ba. Ban yi gardama ba. Dama na lura wani ja da ya faɗi bakin ƙofa ya yini cikin rana ya koɗe, ya koma fari-fari. Na sa hannu na tattara jeren kamar yadda ake tattara shanya in hadari ya taso.

Ƙanen Malam ne abin ya yi wa ciwo. Ya zo ɗaukar gilashin, ya rungume shi cikin buhunsa, ya yi taku biyu, sai ya zauna bisa turmin da ke kife bakin ƙofata.

"Riga ta tahi, keke ya tahi," ya ce. "Ba abin da ya rage nashi da ido ka gani cikin gidan ga."

Ya fashe da kuka, babban mutum, kafaɗunsa na rawa. Inna ta fito ta dafa shi, ita ma ta kama. Ni ina zaune daga ciki ina kallonsu. Na ga ɗinkin hammatar rigarsa ya farke, na ce a raina, maɗinki da farkakkiyar riga. Abin da ya zo min ke nan. Na san ya kamata in ji wani abu, na laluba, ban samu ba.

Damina ta yi tsakiya sa'ad da wani baƙo ya yi sallama. Akawun kanti ne daga Kauran Namoda, abokin Malam tun suna makaranta. Ya ce labarin ya ishe shi a makare, hanya kuma ta yanke, motar da ya hawo ta kwana biyu cikin taɓo. Inna ta sa anka shimfiɗa masa tabarma bayan zanan da ya raba tsakar gida, ta zauna inda take ganinmu duka biyu. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a. Sannan ya miƙo wa Inna wani ƙunshi.

"Saƙon marigayi ne, Inna. Tun kafin azumi ya ce in sa a aiko masa daga Ikko. Ya iso bayan ba shi. Na rasa yadda zan yi, na ce dai in kawo gidansa."

Littafi ne, mai kaurin bango, kore, da nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami. An yi shi ne musamman don kan sarki. Kowane shafi an ja masa gida-gida, a sama an rubuta sunan ƙasa da Turanci. Tare da shi akwai wata 'yar jakar takarda cike da siraran takardu masu ƙaro, ƙanana kamar farcen yaro. Akawun ya ce a ba shi kan sarki guda ya nuna. Ya lanƙwasa siririyar takardar, ya lasa, ya manna rabi a bayan kan sarkin, rabi a jikin shafi. Inna ta kawo min na gani. Kan sarkin na zaune a gidansa, in an ɗaga shi da tsinke ya ɗagu kamar murfin taga.

"Kowane gida guda ɗaya yake ɗauka," in ji shi daga bayan zana. "Waɗanda suka maimaita sai a ware su. Masu abin musaya suke yi da su, ko a zubar."

Tun rasuwar ban yi magana da namijin waje ba. Na ji bakina ya ce, "Cikin masu kama da juna, wanne za a ɗauka?"

"Wanda ya fi tsabta," ya ce.

Lokacin ban iya boko ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata. Don haka kafin ya tafi ya sa min tsinken tsintsiya a shafukan da zan buƙata: nan ƙasarmu, nan Gwanja, nan ƙasar Faransi, nan Sudan, nan Makka. Tsinkaye kaɗan ne cikin wannan ƙaton littafi. Sauran duk ƙasashe ne da wasiƙarsu ba ta taɓa zuwa Isa ba.

Washegari na zauna da shi. Siraran takardun sun sha laimar hanya, yawancinsu sun dunƙule, sai da ƙyar na ɓanɓaro wasu. Na lasa, ɗaci-ɗaci da ɗan zaƙi. Na fara da shafin ƙasarmu. Na sa kore, na sa shuɗi, na sa ruwan ƙasa. Da na zo kan ja, na baza su gabana, sun fi cikin tafi biyu. Na ɗauki wannan na aje, na ɗauki wancan. Kowanne Malam ya jiƙa shi, ya tsamo shi, ya shanya shi, kamar ba shi da wani irinsa. Ban ga wanda ya fi wani tsabta ba. Ba tausayinsu na ji ba, hannuna ne kawai ya tsaya. Na dubi shafin, 'yan kan sarki warwatse cikin gidaje da babu kowa. Na dubi ƙwaryar, kamar ba a taɓa ta ba.

Inna ta zo ta zauna kusa da ni tana juya shafuka. Ta bi tsinkayen da yatsa har ta kai na ƙarshe.

"Na Makka ina za su?"

Na nuna mata. Can wajen ƙarshen littafin ne.

Ta rufe shi ta kwantar, ta duba ta gefe inda tsinken ya leƙo. "To in an ruhe, ai kan Nasara duka bisansu yake."

Na buɗe na ciro waɗanda na manna. Ɗaya ya bar fatar bayansa jikin shafi. Da yamma da ƙanen Malam ya dawo daga kasuwa na tura masa littafin ta bakin ƙofa.

"Ga shi. Shi ne abu na ƙarshe da Yayanka ya biɗa. Ka aje wurinka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗinka masa riga da farin yadi, ya ɗora shi bisa akwatinsa inda duk wanda ya shiga ɗakin zai gani. Har na bar gidan babu komai a cikinsa.

Abin da na yi daga ƙarshe, tunaninsa ya zo min ne ina ninke wata tsohuwar taguwar Malam da ba wanda ya ɗauka, hannuna ya faɗa aljihu. Na tuna kuma littattafansa na Larabci, warƙa-warƙa ne ba ɗinki, tsakanin bango biyu, wadda kake so a sama ita kake sawa a sama. Na ce wa ƙanen Malam ya sayo min takardar da malamai ke rubutu a kai, mai kaurin nan mai alamar wata uku in an ɗaga ta a rana. Na ce ya yanka wasu siri-siri, ya ɗora su layi-layi bisa warƙa, ya ɗinke gindin kowanne da kekensa, bakin ya bar shi buɗe kamar aljihu.

"Keke na yaga takarda, matar Yaya."

"Gwada dai."

Ta farko ta yage. Ya buɗe takun allurar, ya rage jan zare, ta biyu ta zauna. Ya kawo min ita yana riƙe da ita kamar ƙwai. Na zura kan sarki guda cikin aljihun. Gindinsa ya shige, kansa na waje ana gani, ba ƙaro, ba lasa, in ka so ka zare shi ka mayar.

Da wannan na cinye sauran takabata. Shi ya ɗinko, ni in zura. Jajayen nan duk sun sami wuri, warƙa bayan warƙa, fuska guda tana kallon gefe guda. Ban bi ƙasa-ƙasa ba, launi na bi da girma, sai dai masu Larabci da na ware musu warƙoƙinsu a sama. Ruwa na zuba a waje, kwaɗi na kuka a kududdufin bayan gida, ni ina zurawa. Wani lokaci in ɗaga kai in ga inuwa ta matsa daga wannan bango zuwa wancan, ban san abin da na yi tunani a tsakani ba. Bango biyu na yi musu da kwalin da anka samo a kanti, na lulluɓe shi da yadin akoko, ban yarda da fata ba. Na naɗe duka cikin zane, na barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro, na sa cikin wata 'yar adaka mai fenti har ciki, na ɗora ta bisa duwatsu uku nesa da bango.

Mata maƙwabta sunka ji labari, sunka riƙa zuwa gani. In sun zo in wanke hannu, in buɗe, in ɗaga musu warƙa ɗaya ɗaya. Wata daga cikinsu, mijinta ya tafi Makka a ƙasa tun tana goyon ɗanta na fari, wasiƙa guda ya taɓa aikowa daga Sudan, Malam ne ya kawo mata ita har gida ya roƙi kan sarkin. Ta tsaya kan warƙar masu raƙumi.

"Wanne na nashi?"

Na ce ban sani ba. Duk iri ɗaya ne.

Ta bi su da ido, ta ɗora yatsa kusa da wani da hatimi ya rufe wa ƙafar raƙumi. "Wanga na. Na gane shi."

Ban san ko shi ne ba. Na zare na ba ta. Ta ƙulle shi a bakin zanenta ta yi ta godiya, tana hawaye tana dariya. Na rufe adaka.

Da na fita takaba gero ya riga ya fidda kai. Yayana ya zo daga Sabon Birni da jakuna don ya mayar da ni gida. Da ana ɗaure kaya na ɗauko adakar na aje gaban Inna, don a ganina kayan ɗanta ne.

"Ɗauki abinki," ta ce. "Ni idona ba shi ganinsu. Ke kinka san wahalarsu."

Ta raka ni har bakin zaure, ta riƙe hannuna tana sa min albarka, ta ce in yafe mata in akwai abin da ta yi min. Na ce ba ta yi min komai ba, ni ma ta yafe min. Ƙanen Malam ya bi mu har bayan gari yana jan jaki ɗaya, sannan ya miƙa wa yayana igiyar ya juya.

Gulbi ya cika ya batse. Masu fito sunka sauke kayan sunka zuba cikin masakai, manyan ƙoren fito, jakuna kuma anka ja su da iyo. Adakar ita kaɗai anka sa cikin masaki guda. Ni anka ba ni gora na rungume, wani mai fito na tura ni daga baya. Masakin na gabana yana juyawa bisa ruwa, ya yi nan ya yi can, mai tura shi na binsa da hannu guda. Yayana na ta ɗaga murya daga baya, a yi hankali da wancan, a yi hankali da wancan. Ni dai sanyin ruwan nake ji ya kama min ƙirji. Da munka fita na buɗe, ko ɗigo bai shiga ba.

Mun isa Sabon Birni rana ta yi sanyi. Mahaifiyata ta taro ni tun daga ƙofar gida, ta karɓi adakar daga kaina, ta jijjiga ta, ta ce, "Wagga kuma mi ke ciki, ba nauyi?" Na ce takardu ne. Ba ta sake tambaya ba. Ta sa anka kawo duwatsu na ɗora ta a ɗakinta, inda na kwana tun ina yarinya.

Ƙanwata ta shigo da sabon gero daga gonar bayan gida, ta gasa tumu, ta murje shi cikin ƙoƙo ta miƙo min da zafinsa. Munka zauna bakin murhu mu uku, suna ba ni labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu tun bayan tafiyata. Ina ci ina cewa to. Da ƙoƙon ya ƙare mahaifiyata ta ce gobe akwai tsinkar wake, ko zan iya. Na ce za ni.